Doki Ba da Baki Yake Juyawa Ba: Darasin Kwana da Tafiyar Gefe

[Hoto: filin horo, an share rairayinsa, babu sawu ko ɗaya]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku dubi filin nan da kyau kafin doki ya shiga. Tsawonsa mita 40, faɗinsa mita 20, kuma da gangan aka ja masa manjagara, don yau rairayi ne zai yi mana alƙalanci. Mahayi yana iya rantsuwa cewa da'ira ya zana, kocinsa ma ya yi masa kara ya ce madalla, amma sawun kofato ba ya yi wa kowa kara.

Darasin na wanda ya riga ya zauna daram a sirdi ne, ya iya tafiya, ya iya sassarfa, ya iya tsayawa ba tare da ya rungumi wuyan doki ba. 'Yan'uwanmu da ke zuwa wuraren koyon hawa a nan Saudiyya, a arewacin Jidda, ko wajen Dirab da Janadriya a Riyad, maza da mata, galibi a daidai nan suke cijewa. Gaba ba matsala, tsayawa ba matsala, sai an zo kwana a ga doki ya yanke ta inda ya ga dama, mahayi yana sama yana faman ja.

Dalili kuwa, mun taso a mota, sai muka ɗauki kamazuru, wato igiyar linzami, tamkar sitiyari: ka ja hagu a yi hagu. To ku kalli abin da ke faruwa idan aka ja.

[Hoto: mahayi ya ja kamazurun hagu da ƙarfi, a rage saurin hoton]

Kan doki ya juyo hagu, gaskiya ne. Amma ina kafaɗarsa ta dama ta nufa? Ta zame waje, jiki kuma ya bi ta. Wuyan doki ƙashi bakwai ne, yana lanƙwasuwa har ya kai bakinsa haƙarƙarinsa ya kori ƙuda. Gangar jikin kuwa, daga gindin wuya zuwa kuturi, kaɗan take tanƙwaruwa. Shi ya sa doki yake iya kallon hagu yana gudu dama, hankalinsa kwance. Ga shi kuma idan yana tsaye kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba yake. Inda kafaɗu suka nufa, can doki ya nufa. Saboda haka kafaɗun ake juyawa, baki sai dai a nuna masa hanya.

Daga nan za ku riƙa jin ina cewa ciki da waje. Ciki shi ne ɓangaren da doki ya tanƙwara zuwa gare shi, waje ɗaya ɓangaren, ko da ina bangon fili yake.

Kwana daga ido take farawa. Ka kalli inda za ka tun da sauran taku uku ko huɗu. Kanka yana juyawa, kafaɗunka za su biyo, nauyinka ya ɗan sauka a mazaunin ciki, doki kuma yana jin wannan tun hannunka bai motsa ba. Ƙafar ciki tana nan daidai majayi, wato ɗamarar da ke ɗaure sirdi a cikin doki, ita ce turken da doki zai kewaya, ita ce kuma ke hana shi faɗawa ciki. Ƙafar waje ka ɗan ja ta baya kamar faɗin tafin hannu, daga ƙugu za ka ja ta, ba ka ɗaga diddige ba, aikinta ta tsare kuturi kada ya fita layi. Kamazurun ciki roƙo kawai yake yi, ɗan kaɗan, iyakar ka hango gefen idon doki da bakin hancinsa. In ka ga goshinsa gaba ɗaya, ka zarce. Sai kamazurun waje, wanda masu koyo suka fi sakewa alhali shi ne mai babban aiki: yana kwance a jikin wuya, yana iyakance lanƙwasar, yana turo kafaɗar waje ta bi kwanar.

Wannan fa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau, ko a waya ne, ya ga mahayi da hannu ɗaya yake riƙe da kamazuru, ɗayan yana ɗauke da mashi ko takobi. Da me yake juya dokin? Da zamansa, da ƙafarsa, da kamazurun da ya jingina a wuya ta waje. Abin da ya bambanta shi ne linzamin. Na gargajiya mai kaifi ne, an ƙera shi don doki ya ci birki nan take, ya yi zamiya a gaban sarki lokacin jafi. Wanda ake sa wa dokin darasi a nan mai gaɓa ne a tsakiya, mai sauƙi, ana so doki ya yarda da shi ya riƙe shi a baki cikin natsuwa. Ni dai a ganina, zaman nan na mahayan gida shi ya cancanci a yi koyi da shi. Fizgar linzami kuwa a bar ta, domin dokin da ke tsoron bakinsa ba zai taɓa sakin jiki ya gitta ƙafa ba.

[Hoto: taswirar fili daga sama, da haruffa]

Yanzu lissafi, kuma ba shi da yawa. Haruffan da kuke gani a bango, A, K, E, H, C, M, B, F, iri ɗaya ne a ko'ina a duniya. A da C suna tsakiyar gajerun ɓangarori, E da B suna tsakiyar dogaye, tsakiyar fili kuma ana kiranta X ko da ba a rubuta ba. Sauran huɗun, K da H da M da F, kowanne mita 6 ne daga kusurwa. Ku riƙe wannan shidan.

Da'irar mita 20 da ta tashi daga A wurare huɗu take taɓawa: A, sai bango a mita 10 daga kusurwa, sai X, sai ɗaya bangon a mita 10. Mita 10 daga kusurwa yana nufin mita 4 gaba da K, mita 4 gaba da F. Mafi yawan masu koyo harafin suke nufa, don shi ido ke gani, sai da'ira ta fito kamar an zauna mata a gefe. Kuma taɓa bango taku ɗaya ne, ka taɓa ka bari. Da zarar ka yi taku uku a jikin bango, layi ka yi, ba da'ira ba. Ka sa ƙananan alamomi a wuraren huɗu, ka daina tunanin da'ira ɗungurungum, ka riƙa tafiya daga alama zuwa alama, idonka kullum yana kan ta gaba.

Kusurwa kuwa rubu'in ƙaramar da'ira ce. Ga dokin da bai yi nisa a horo ba, a ɗauke ta rubu'in da'irar mita 10: ka fara juyi mita 5 kafin kusurwa, ka gama mita 5 bayanta. Wato kana wuce harafi da taku ɗaya, juyi ya fara. Kafin nan akwai ƙaramin gargaɗi da ake yi wa doki. Ka miƙe zaune, ka matse yatsun hannun waje na tsawon taku ɗaya, ƙafafunka suna jikinsa, sannan ka sassauta. Ba tsayawa ka ce ya yi ba, cewa ka yi ya tattaro kansa, wani abu na tafe. Sassautawar ita ce rabin aikin, wanda ya matse bai saki ba ja ya yi.

Shiga layin tsakiya shi ke tona asirin kowa. Daga dogon bango zuwa layin tsakiya mita 10 ne, don haka rabin da'irar mita 10 za ka yi, ba kwana biyu masu kaifi ba. In ka jira sai ka kai A sannan ka tuna, ka makara, za ka wuce layin. Idan hakan ta faru kada ka fizgo shi, sawun zai fito kamar na maciji. Ka ƙara masa ɗan kuzari da ƙafafu biyu, ka zuba wa C ido, a sannu ya dawo. Doki mai tafiya da niyya ya fi mai jan ƙafa miƙewa.

To, mu shiga tafiyar gefe. Zuwa yanzu abu ɗaya dokinka ya sani game da ƙafarka: in ta matsa, a yi gaba. Za mu koya masa ma'ana ta biyu, cewa ƙafa ɗaya in ta matsa ita kaɗai, a goce mata.

A ƙasa ake farawa. Ka tsaya gefen kafaɗarsa, ka sa yatsunka a haƙarƙarinsa daidai inda sharaɓarka take sauka, ka danna a hankali. Wanda bai saba ba zai iya jingino maka nauyinsa, ɗabi'arsu ce su ture abin da ya ture su. Kada ka shiga kokawa da dabbar da ta ninka ka sau biyar ko shida. Ka riƙa dannawa kana ɗagawa har ya matsa taku ɗaya, yana matsawa ka ɗauke hannu nan take ka shafa shi. Ba dannawar ke koya masa ba, ɗauke hannun ne ke gaya masa ya yi daidai. In ka makara da daƙiƙa biyu, bai san me ya yi aka ƙyale shi ba.

[Hoto: doki a tsaye, kyamara tana kan ƙafafun baya]

A kan sirdi, abu na farko shi ne juyi kan ƙafafun gaba. Ka tsaya nesa da bango kaɗan. Ka ɗan karkato hancinsa hagu, ka sa ƙafarka ta hagu bayan majayi kaɗan ka matsa, kuturi ya matsa dama. Ku kalli ƙafarsa ta baya ta hagu: ta gaban 'yar'uwarta take gittawa, ba ta bayanta ba. In ta bi ta baya, dokin ja da baya yake yi, kuma kusan kullum hannun mahayi ne ya yi nauyi. Taku ɗaya, ka dakata, taku ɗaya, ka dakata. Kana gamawa ka tafi gaba da kuzari. Ba a yawaita shi, don yana tara nauyi a gaba, mu kuwa baya muke son nauyi ya koma. Amma ranar da ka zo buɗe ƙofar shinge kana kan doki za ka gode masa.

Na biyu shi ne gocewa daga ƙafa, kuma a nan zan ɗan daɗe, don wanda ya gyara wannan sauran sun zo masa da sauƙi. Ka juyo kan layin da ke mita 5 daga bango. Ka miƙe tukuna, taku uku ko huɗu. A ce bango yana damanka. Jikin doki a miƙe yake, hancinsa kaɗai ya ɗan karkata hagu, wato yana kallon akasin inda za shi. Ƙafarka ta hagu ta ce matsa, kamazurun dama ya tare kafaɗa, ƙafar dama ta kula kada tafiya ta mutu. Gaba da gefe a lokaci guda, amma gaba ce uwa. Ƙafafun hagu suna gittawa ta gaban na dama, kafaɗu suna ɗan gaba da kuturi kaɗan, jiki kusan a layi ɗaya da bango.

Lokacin matsawa shi ne sirrin da ba kowane koci ke tsayawa ya bayyana ba. Ƙafar da ke ƙasa ɗauke da nauyi ba ta iya zuwa ko'ina, sai wadda ta tashi. Kenan za ka matsa ne daidai lokacin da ƙafar baya ta hagu take barin ƙasa. Ya za ka gane ba tare da ka leƙa ba? A tafiya, idan ƙafar baya ta hagu ta taho gaba, cikin doki yana lilo zuwa dama don ya ba ta wuri, sai ka ji ƙugunka na hagu ya ɗan faɗa, sharaɓarka ta hagu ta bi cikin da kanta. Wannan lokacin ne. Ka sa wani a ƙasa ya riƙa ce maka "yanzu, yanzu" duk sanda ƙafar ta tashi, ka rufe ido na ɗan lokaci in dokin mai hankali ne kuma ana riƙe da shi. Cikin 'yan darussa jikinka zai haddace. Mai matsa ƙafa ba ɗagawa kuwa, doki yakan daina jin sa gaba ɗaya.

Ga yaudarar da ke cikin wannan aiki. Dokin darasi yana son bango, can ya saba bi. Kana juyowa layin mita 5 zai fara sulalewa can da kansa, kafaɗa a gaba, kai kuma ka ji daɗi ka ce ya goce. Sauko ka duba rairayi. In sawun ya tafi a karkace kawai babu inda ƙafa ta gitta wata, ba ka yi komai ba, shi ya kai ka. Maganinsa, ka riƙa yanka aikin: taku biyu gefe, taku uku miƙe, taku biyu gefe. Wani zagayen ma ka bi layin har ƙarshe ba ka goce ba sam, don ya san sai an ce. In wannan ya zauna, ka juya abin, ka goce daga bango zuwa tsakiya. A nan ake sanin ko ƙafarka yake ji.

Shi ma mahayi yana da nasa. Wani ya karye a ƙugu ya rataye gefe ɗaya kamar zai tura dokin da jikinsa. Wani ya ɗago diddige har likkafa ta kuɓuce. Wanda ya fi yawa shi ne hannun ciki ya tsallaka geza zuwa ɗaya ɓangaren. Kowane hannu ya tsaya a ɓangarensa, geza ce iyaka.

[Hoto: doki yana tahowa a jikin bango, kyamara tana gabansa]

Na uku, kafaɗa-ciki. Wani malamin hawa na Faransa, François Robichon de La Guérinière, shi ya tsara shi yadda ake yin sa a miƙaƙƙen layi, ya bayyana shi a rubuce a wajen 1730, kuma har yau makarantar hawa ta Biyana a Ostiriya a kan koyarwarsa take. Ƙafafun baya suna bin bango a miƙe, kafaɗu an shigo da su ciki kimanin digiri 30, doki ya tanƙwara a jikin ƙafarka ta ciki. Ku ƙirga ƙafafun da kuke gani daga gaba. Uku ne, ba huɗu ba, domin ƙafar baya ta ciki ta ɓuya a bayan ƙafar gaba ta waje, layi ɗaya suke bi. A rairayi ma layi uku za ka tarar.

Me ya sa ake wahalar? Doki ya fi faɗi a kuturi bisa kafaɗa. In ya manna gefensa da bango, kuturinsa ya leƙo ciki kenan, a karkace yake tafiya ba tare da kowa ya lura ba. Ba a gyara wannan ta hanyar tura kuturi waje, kafaɗu ake ɗaukowa a ajiye a gaban kuturi. Ban da haka, kowane taku na kafaɗa-ciki yana sa ƙafar baya ta ciki ta shiga ƙarƙashin ciki ta ɗauki nauyi, gaba ya yi sauƙi, kwana ta daina zama faɗuwa.

Hanyar shiga mafi sauƙi, ka yi da'irar mita 10 a kusurwa. Da ka dawo bango, ka yi kamar za ka sake wata, taku ɗaya, kafaɗu sun bar bango, sai kamazurun waje ya ce a'a, ƙafar ciki ta ce mu bi bango. Kafaɗunka suna kallon inda kafaɗunsa ke kallo, ƙugunka yana bin layin bango. Taku huɗu ko biyar masu kyau sun isa, sai ka ƙarasa da'irar ka huta.

A kula da dokin Larabawa a nan, tunda ana yawan samunsa a ƙasar nan. Yana da saurin fahimta, bayansa gajere, wuyansa kuma ba ya musu, kana taɓa kamazuru ya ba ka shi. Sai ka ga wuya ya shigo ciki kyakkyawa, ka ɗauka ka yi kafaɗa-ciki, alhali kafaɗun suna manne da bango ba su motsa ba. Daga sama ba a ganewa. Ka ba abokinka waya ya tsaya a ƙarshen bangon ya ɗauke ka kana tahowa, ka ƙirga ƙafafu. In biyu ka gani, wuya kaɗai ka lanƙwasa.

Bayan wannan akwai kuturi-ciki, inda kafaɗu ke bin bango kuturi ya shigo kimanin digiri 35, layi huɗu, doki yana kallon inda za shi. In aka ɗauki wannan aka ɗora a kan layin da ya ratsa fili a karkace, shi ne tafiyar gefen nan mai ban sha'awa da aka gani lokacin da Riyad ta karɓi wasan ƙarshe na Kofin Duniya na diresaj, wato gasar nuna horon doki, da na tsallake shinge a watan Afrilun 2024. Akwai kuma juyi kan ƙafafun baya, inda kafaɗu ke kewaya kuturi, ƙafafun baya suna ci gaba da taku a ɗan ƙaramin wuri ba su kafe ba. Waɗannan sai kafaɗa-ciki ta nuna tukuna, ba na yau ba ne.

Na san wasu za su ce su tsallake shinge suke so, wannan rawar ba ta dame su ba. Saudiyya ta ci tagulla a tsallake a gasar Olamfik ta Sidni a 2000 ta hannun Khalid Al-Eid, ta sake ci a matsayin tawaga a Landan a 2012, dole yara su yi sha'awa. To ku sake kallon zagayen raba gardama na kowace babbar gasa, inda agogo ke hukunci. Dawakin duk sun iya tsalle. A kwana ake cin lokaci. Wanda kafaɗar dokinsa ta zame waje ya ƙara taku biyu, ya iso shinge a karkace, ƙafafun baya ba su shigo ƙarƙashi ba, sanda ta faɗi. Masu kallo su ce tsallen ne bai yi ba, alhali tun a kwana aka zubar da ita.

Saura yanayi. Tafiyar gefe tana cin tsoka fiye da yadda ake zato, zafin nan kuma kun san shi, balle damshin Jidda da ke hana gumi bushewa. A bazara a hau bayan asuba ko bayan magariba. A fara da tafiya ta minti goma da sakakken kamazuru kafin a nemi ko taku ɗaya na gefe. A duba ƙasa: rairayi mai zurfi da kofato ke nutsewa yana wahalar da jijiyoyin ƙafa, musamman wajen gittawa da ƙananan da'irori, don haka ba a yin wannan aiki a kan tudun yashi na sahara komai kyawun hoto. Kowane doki yana da ɓangaren da ya fi masa wuya, ka fara da mai sauƙin, ka yi duka biyun, kada ka nace wa mai wuyar har ya gaji. In ya fara kaɗa wutsiya da ƙarfi, yana cizon linzami, ko takunsa ya gajarce, kada ka ƙara ƙaimi. Ka miƙar da shi, ka yi sassarfa mai faɗi zagaye ɗaya, ka dawo ka nemi taku biyu kacal. Ya ba ka su, ka sassauta kamazuru ka bar aikin gefe na ranar. In kuwa kullum ɓangare ɗaya yake ƙi, ko yana toshe kunnuwa tun ana ɗaura majayi, a kira likitan dabbobi ya duba bayansa da haƙoransa, a kuma duba ko sirdin na matsa masa, kafin a ce taurin kai ne.